Wace manhajar ces ce ba ta barin inji a kunne?

Masu haɗa injinan darar ces (chess), wato shirye-shiryen da ke buga wasan da kansu, su fafata a kwamfuta, kafin ku ɗauko manhaja ku fara tambaya: in wasa ya ƙare, me take yi da injin?

Abin da ya sa nake damuwa da wannan, wani dare a ɗakina na Samaru na saka gasa na kwanta. An ɗauke wuta, kafin asuba batir ya mutu, kwamfutar ta yi zafi kamar kaskon tuya. Washegari na sake gwadawa ina kallon Task Manager, inda Windows ke nuna abin da ke kunne. Ashe manhajar, wadda ba zan kira sunanta ba, sabon inji take tayarwa kowane wasa, tsohon kuma yana nan yana cin RAM.

Ƙa'idar UCI, hanyar da manhaja ke magana da inji, wadda ta fito a 2000, ta tsara abin: manhaja ta aika ucinewgame, injin ya manta lissafin wasan baya, ta bi shi da isready, ta jira ya amsa readyok. In za ta sallame shi, sai quit.

Ni dai Cute Chess na riƙe, musamman cutechess-cli, nau'inta na buga umarni. Zaɓinta na restart, wato sake kunna inji tsakanin wasanni, uku ne, auto da on da off. Injin Stockfish ba ya ɗaukar lokaci wajen tashi, ko an sake kunna shi ba asara. Leela kuwa, wadda ita ma inji ce, sai ta loda ƙwaƙwalwarta tukuna, don haka off nake ba ta. Inji in ya faɗi, -recover zai tashe shi gasa ta ci gaba, -concurrency kuma kai za ka faɗi wasa nawa a lokaci guda. Kyauta ce, sai dai ka iya buga umarni.

Cikin sauran manhajojin, Arena ta tsufa, ta Windows ta tsaya a 3.5.1. WinBoard tana da -xreuse, mai kashe inji bayan kowane wasa, amma fuskarta ta zamanin da ce.

Sai 'yan damfara. Wani ya taɓa miƙo mini filashi a kasuwa, wai Stockfish na musamman ne, mai kuɗi. Malam, Stockfish kyauta ne, lasisin GPL na buɗaɗɗiyar manhaja gare shi, yana stockfishchess.org. Yawancin irin waɗannan suna kawai aka canza wa, wasu har da ƙwayar cuta a ciki. Manhajar da aka fasa kuwa, kada ma ka karɓa. Duk abin da ka saka, buga wasa biyar, rufe manhajar, ka leƙa Task Manager. In ka ga stockfish.exe na nan, goge manhajar.