Ofishin notar da ya riƙe mana takardun gadon Baba a Yamai

Bayan sadakar arba'in ta Baba, Allah ya jiƙan shi, banki suka ce ko dala ba ta fita daga asusunsa sai mun kawo takardar mutuwa da takardar zaman dangi ta kotu, wadda ke nuna magada da wakilinsu. Kawu ne ya haɗa ni da wani ofishin notar, wato masanin doka mai tsara takardu da tabbatar da su, a unguwar Plateau.

Abin da ya sa suka shiga raina, Inna tana cikin takaba, wata 4 da kwana 10 ba fita, ga shi ana son sa hannunta. Sakataren ofishin ya hawo babur har gidanmu a Boukoki da tsakar rana. Ya tuɓe takalmi, ya zauna bakin tabarma, ya ce, "Hajiya, ya haƙuri? Allah ya ba da dangana." Takardar da Faransanci take, ya bi ta layi-layi yana mayar mata da Hausa, har ya gaya mata tumuninta, ɗaya bisa takwas, yana fita ne bayan an biya bashi da wasiyya. Sai da ta ce ta gane, sannan ya miƙa mata tawada ta dangwala. Na ba shi kuɗin mai, ya ƙi karɓa. Wannan bawan Allah har gobe Inna na sa masa albarka.

Amma wallahi in na tuna maganar suna, raina ɓaci yake. A banki Baba Mahamadou ne, a takardar mutuwa an rubuta Mahaman. Sati 3 takardun nan suna kan teburin ofishin notar, ba wanda ya haɗa biyun ya duba. Ma'aikaciyar banki kallo ɗaya ta yi ta turo mini su. A Tawa Baba ya rasu, can aka yi takardar, can kuma za a gyara. Sau biyu ina hawa bas, tafiyar fiye da kilomita 500, ƙannena kuwa an koro su gida saboda kuɗin makaranta. Na yi ta kiran shi notar ɗin, wayar na ƙara ba ya ɗauka.

Da na dawo da gyaran, maimakon a ba ni haƙuri, sai aka ce in ƙara jika 25 na sake rubutu. Na biya, don kuɗin marayu ne a tsare. Ƙawar Inna ta tambaye ni lambarsu jiya, ta sakataren kaɗai na ba ta.