Motar da ba ta tashi: abin da ya kamata a saya domin shigar da ita gareji da fitar da ita

Duk wanda ya ajiye tsohuwar mota a gida da niyyar farfaɗo da ita a hankali yakan yi lissafin kuɗin inji, da fenti, da kujeru, amma da wuya ya yi lissafin yadda zai riƙa motsa ta a tsawon watannin da ba ta tashi. Alhali aikin ba ya yiwuwa sai an fitar da ita. Mai walda yana son sarari da iska, mai fenti yana son haske, iyali kuma suna son a share garejin lokaci zuwa lokaci. Motar da nake aiki a kanta Peugeot 504 ce, irin waɗanda kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, nauyinta kuma ya kai kusan kilo 1,250, saboda haka da ita zan yi lissafin da ke tafe. Mai wata mota sai ya sa nauyin tasa.

Kafin a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kaya, abu na farko shi ne a auna ƙasar da motar za ta bi. A kan daɓen siminti mai laushi wanda yake a miƙe, idan tayoyi na da iska kuma birki bai kama ba, ƙarfin da ake bukata bai wuce kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin motar ba, wato kusan kilo 25, abin da mutum ɗaya zai iya da kafaɗarsa. Hawa ne ke sauya lissafin. Yawancin gidajenmu an ɗaga bakin ƙofarsu sama da titi domin kada ruwan damina ya shigo, an kuma yi ɗan gajeren hawa a kan kwata. A ɗora katako mai tsawon mita ɗaya a kan hawan, a daidaita shi da ma'aunin ruwa na magina, sannan a auna tazarar da ke tsakanin bakinsa da ƙasa. Idan santimita 10 ce, hawan ya ƙara kusan kilo 125, jimla kusan 150. Idan santimita 20 ce, lissafin ya doshi kilo 270. Wannan ƙarfin da ake bukata wajen hawa da motar, kusan shi ne kuma ƙarfin da za ta fizgi mutum da shi idan ta juyo baya, kuma a nan ne hatsarin yake.

Na ga wannan da idona. Ranar da muka fara fitar da tawa, mu huɗu ne, an riga an sauke injin, kuma babu wanda ya tuna cewa motar da aka cire wa inji ba a iya tsayar da ita da giya. Ƙanena yana kan sitiyari, ya taka birki, feda ta nutse har ƙasa domin man birkin ya daɗe da tsiyayewa. Motar ta gangara a hankali, ba da gudu ba, amma mu uku da muka riƙe ta ba mu iya komai ba har sai da bambarta ta baya ta daki katangar maƙwabci. Allah ya kiyaye babu yaro a wurin. Tun daga ranar, tambayar da nake fara yi game da kowane kayan aiki ita ce ko zai riƙe motar idan na sake hannuna, kafin in tambayi ƙarfin jansa.

Turawa da hannu ita ce hanya mafi araha, kuma a fili miƙaƙƙe ta wadatar. Abin da za a kashe wa kuɗi a nan shi ne tayoyi huɗu na hannu masu riƙe iska, ko da sun tsufa, da famfon ƙafa, da weji biyu na katako mai kauri domin tokare taya. Taya ɗaya da ta sace tana iya ninka wahalar turawa sau da yawa. A tabbata makullin yana nan domin sitiyari ya saki, a kuma sani cewa birkin da ke samun taimako daga inji yakan yi tauri sosai idan injin a kashe yake. Idan motar ta kwana damina guda da birkin hannu a ja, sau da yawa birkin baya yakan kama da tsatsa, kuma gara a ɗaga ta a sake shi da a yi ta ja da ƙarfi.

Hanya ta biyu ita ce amfani da faifan ƙarfe mai ƙananan tayoyi huɗu da ake sa wa kowace tayar mota, wanda ake rubuta wa doli a kwalinsa. Amfaninsa ɗaya ne, amma babba ne, domin yana ba mutum damar tura mota gefe, ko ya juya ta a inda take, abin da sitiyari ba zai taɓa yi ba. Wanda garejinsa ya ƙuntata, yana son ya manna motar da bango ya samu wurin aiki, zai ji daɗinsa. Akwai mai sauƙin kuɗi wanda sai an ɗaga motar da jak a zura shi, akwai kuma mai feda, irin na GoJak, wanda ke matse tayar ya ɗaga ta da kansa, tsadarsa kuma ta ninka ta farkon. Wajen saye, a duba nauyin da aka rubuta wa kowane ɗaya, a tuna cewa gaban mota mai inji ya fi bayanta nauyi, saboda haka raba nauyi gida huɗu daidai kuskure ne. A duba ƙananan tayoyin sosai, domin su ne ke fara mutuwa: masu faɗi da boris a ciki sun fi ƙanana na roba mai tauri.

Sai dai doli kayan cikin ɗaki ne. Tsakuwa ɗaya ko tsagewar daɓe tana tsayar da shi cak, a kan intalok yana maƙalewa a kowace gaɓa, a kan yashi kuwa nutsewa yake yi. Mafi muni, motar da ke kan doli huɗu ba ta da birki ko kaɗan, domin tayoyinta ba sa taɓa ƙasa, kuma a gangara za ta iya zamewa ta kowace fuska. Ban yarda a haye bakin ƙofa da shi ba ko da hawan ƙarami ne. Haka nan jak mai tayoyi da wasu makanikai ke sa wa ƙarƙashin baya su karkata mota da shi, yana yi a tazarar taku ɗaya ko biyu a daɓe mai kyau, amma ba a ƙera shi domin tafiya da kaya ba.

Inda akwai hawa, winci ake bukata, wato na'urar jan kaya da waya, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya nutsu, domin kayan sun yi kama da juna a ido amma halinsu ya bambanta. Akwai ƙaramin mai hannu da ake kaɗawa gaba da baya, mai haƙora da ƙugiya biyu. Yana da araha kuma yana da ƙarfi, amma wayarsa gajeriya ce, 'yan mitoci kaɗan, ga shi 504 kanta ta kusa mita huɗu da rabi, don haka dole a tsaya a sa weji, a kwance, a sake ɗaurawa sau biyu ko uku. Sassauta shi ma haƙori ɗaya-ɗaya ake yi, aikin da ke cin lokaci da yatsu. Akwai na juyawa mai ganga, irin wanda ake jan kwalekwale da shi, kuma shi kashi biyu ne. Mai haƙori kawai yana riƙe kaya lokacin ja, amma da zarar an ɗage haƙorin domin a sassauta, nauyin duka ya koma hannun mutum, idan mariƙin ya kuɓuce kuma zai yi ta juyawa da ƙarfin da ke karya wuyan hannu. Mai birki a ciki shi ne wanda nake ba da shawara: ana juya shi gaba ya ja, a juya baya ya saki a hankali, a sake shi ya tsaya inda yake. A gwada wannan a gaban mai shago da wani abu mai nauyi kafin a biya.

Wanda ya fi su duka a wajen aikin hannu shi ne Tirfor, wanda masu aikin gini da masu kafa turakun lantarki suka sani. Wayarsa ba naɗewa take yi a ganga ba, ratsa cikinsa take yi, muƙamuƙai biyu suna kama ta bi da bi, saboda haka tsawon ja bai da iyaka sai tsawon wayar, kuma komawa baya yana da natsuwa kamar zuwa gaba. Ana yin sa a girman kilo 800, da 1,600, da 3,200, na tsakiyar ya wadaci kowace ƙaramar mota. Aibinsa nauyi da tsada, sannan sai da wayarsa ta musamman yake aiki daidai. Idan za a sayi na hannu, a zare wayar duka a bi ta da tsumma, duk inda tsumman ya maƙale akwai silin da ya tsinke.

Wincin lantarki mai amfani da batir na bolt 12 ya dace da wanda ke aiki shi kaɗai kuma yake fitar da mota kusan kullum, domin da rimot a hannu zai iya tafiya gefen taga yana juya sitiyari. Yawanci da fam ake rubuta ƙarfinsa: fam 2,000 kusan kilo 900 ne, fam 4,500 kuma ya ɗan haura kilo 2,000. Wannan adadi na zagayen farko ne na waya a kan ganga, yana raguwa yayin da wayar ke taruwa, shi ya sa nake ganin kada a sayi wanda ƙarfinsa bai kai nauyin motar gaba ɗaya ba, ko da lissafin hawa ya nuna ƙasa da haka. Yana shan wuta sosai, don haka yana bukatar lafiyayyen batir nasa, yana kuma zafi idan aka matsa masa ba hutu. Wasu masu arha da lantarki suke ja kawai, sakinsu kuwa sai an zare kulle ganga ta yi ta gudu, kuma irin wannan bai da amfani ga mai gangara.

Kowane winci aka zaɓa, ƙarfinsa bai wuce ƙarfin abin da aka ɗaure shi a jiki ba. Ƙarfen taga, da ginshiƙin rumfa, da bangon bulo mai rami duk ba wurin ɗauri ba ne. Abin da ya dace shi ne farantin ƙarfe mai kauri da zobe, a kafe shi da kusoshi huɗu masu buɗewa a cikin kankare mai kaurin aƙalla santimita 10, nesa da gefen daɓe. Idan daɓen siriri ne, a sa birkila ya haƙa rami ya zuba sabon kankare da zoben a ciki, a bar shi ya yi makonni huɗu kafin a ɗora masa nauyi. A jikin motar ma, a nemi zoben ja ko wani ƙaƙƙarfan sashe na ƙarƙashinta wanda tsatsa ba ta ci ba, ba bamba ko sandar sitiyari ba. Ƙaramin gargare mai ƙugiya, irin na bakin rijiya amma na ƙarfe mai ɗaukar nauyi, ya cancanci kuɗinsa, domin idan aka maƙala shi a jikin motar, aka zagaya waya ta kansa aka dawo da ita zoben daɓe, ƙarfin ja ya kusa ninkawa biyu, saurin kuma ya ragu rabi.

Ja da wata mota yana fitarwa, amma ba ya shigarwa, tunda mai jan zai rigaya shiga ya toshe kansa, igiya mai sako-sako kuma fizga take yi, sannan motar da ba ta da birki za ta bi ta daki wadda ke gabanta. Idan tafiyar ta wuce ƙofar gida zuwa wurin mai fenti, a kira janwe, musamman ga mota mai giyar otomatik wadda jan ta mai nisa da inji a kashe ke lalata giyarta.

A gidana, inda hawan ya kai santimita 12 a kowace mita, abin da na tsaya a kai shi ne winci mai birki, da zobe a daɓen ƙarshen gareji, da gargare ɗaya, da weji biyu. Ƙanena yana bin motar daga gefe yana matsar da weji bayan taya a kowane taku, babu mai tsayawa bayanta ko kusa da wayar, ana kuma jefa tsohon bargo a tsakiyar wayar domin ya danne ta idan ta tsinke. Fitarwa da shigarwa yanzu suna ɗaukar mu kusan minti goma kowanne, kuma sai an tabbatar yara suna cikin gida kafin a buɗe ƙofa.