Rumfar hoto a ƙauye: Raspberry Pi ko tsohuwar waya?

Ɗan'uwa, ka ce kana son haɗa 'yar rumfar ɗaukar hoto a garinku can wajen Ringim, don biki da suna da ranar sallah, kana tambaya ko ka sayi ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi ko ka yi da tsohuwar wayarka ta Android. Fara tambayar kanka: wa zai danna?

In kai ne za ka tsaya kana ɗauka, waya ta ishe ka. Kyamara da allo da batir duk suna jikinta. Ka kafa ta a sanda mai ƙafa uku, ka rataya farin yadi a baya, hoton fasfo na 'yan makaranta ya samu. In ta sami matsala, mai gyara na nan bakin tasha.

Pi kuwa tsirara take zuwa, faɗinta kamar katin ATM. A Ingila aka fara fitar da ita a 2012 don koya wa yara aikin kwamfuta. Sai ka nemo mata katin memori, allo, caja, maɓalli da kyamara. Ka nemi Camera Module 3 ta 2023, mai megafiksel 12, domin tana saita ganinta da kanta. Wadda ta gabace ta 8 ce, kuma sai an murɗa mata ido da hannu. Akwai manhaja kyauta mai suna pibooth: a danna maɓalli, ta ƙirga, ta ɗauki hoto har huɗu, ta jera su a takarda ɗaya, ta tura wa firinta.

Nan ne ni nake ganin darajar Pi. Ranar kamu ko wuni, kwalliyar duk tana cikin gida, kai kuma iyakarka zaure, ga "ba shiga" a rubuce jikin bango. Mata da yawa ba sa son hotonsu ya kwana a wayar wani namiji, kuma suna da gaskiya. Amma in kafinta ya buga maka akwati, ka sa allo a gaba da ƙaton jan maɓalli guda ɗaya, yaro zai shiga da shi ya ajiye a tsakar gida. Ƙawayen amarya su gyara ɗaurin ɗankwali, su danna, takarda ta fito hannunsu. Ba intanet a jiki, ba WhatsApp. In an tashi, ka goge hotunan a gaban mai gida. Waya kuwa, ka miƙa ta cikin taro ka gani: wannan ta shiga nan, waccan ta danna can, wataƙila ma ba ta dawo ba.

Wajen wuta waya ce a gaba. Samfurin Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3, ba ta da batir, kuma in wuta ta yanke mata farat ɗaya katin memorin na iya lalacewa. Ka ɗora ta a fawa banki mai ƙarfi, kada ka dogara da janareton mai kiɗa. Zafin Afrilu ma abin lura ne: in cikinta ya kai wajen digiri 80 tana rage gudu, don haka ka sa mata 'yar fanka, kafinta ya huda akwatin.

Shawarata, ka fara da waya, ribar ta saya maka Pi kafin bukukuwan bayan kaka.

Ko wacce ka ɗauka, kuɗin a firinta yake. Ƙaramar firintar hoto Canon Selphy takan fitar da hoto mai inci 4 da 6 a ƙasa da minti ɗaya. Takardar tana shiga tana fita sau huɗu: rawaya, ja, shuɗi, sannan rufin kariya. Da hunturu, ƙwayar ƙura ɗaya ta zauna a kai sai ka ga tabo a fuskar mutum, don haka ka riƙa rufe ta da leda in ba aiki take ba. Fakitin KP-108IN takarda 108 ne haɗe da launinsa; raba kuɗinsa gida 108 kafin ka yanke wa mutane farashi. Daga waya ta Wi-Fi firintar take karɓar hoto kai tsaye, amma a Pi sai ka saka CUPS da Gutenprint, manhajojin da ke haɗa Pi da firinta, saboda haka ka duba ko samfurin da za ka saya yana cikin jerin waɗanda Gutenprint ke ɗauka kafin ka biya kuɗi.