Ruff a cikin GitHub Actions: abin da na gani da muka ɗora shi a kan aikinmu

Aikinmu na rubuta kod ne da harshen Python, mutane da yawa ke tura gyara a ma'ajiya ɗaya. A da muna amfani da Flake8 wajen kamo kurakurai, Black wajen daidaita fasalin rubutu, isort kuma wajen jera abubuwan da ake shigowa da su a saman fayil. Kowanne da saitinsa. Yanzu Ruff kaɗai ke yin aikin ukun, saitinsa yana zaune a pyproject.toml, kuma na ji daɗin canjin ƙwarai.

Charlie Marsh ne ya fito da Ruff a 2022, an rubuta shi da harshen Rust, shi ya sa saurinsa ya kere wa waɗanda aka rubuta da Python. Wani zai ce meye amfanin sauri a nan, tunda na'ura ce ke aikin? Amfanin shi ne mutum bai tashi daga kan kujera ba ya ga sakamako. Mun sa binciken ya zama mataki na farko a GitHub Actions, wato tsarin GitHub mai gudanar da bincike kai tsaye idan aka tura gyara, kafin gwaje-gwaje masu cin lokaci. Umarni biyu ne kawai: `ruff check` da `ruff format --check`. Na biyun ba ya taɓa fayil, sai dai ya faɗi waɗanda ba su bi tsari ba, ya dakatar da aikin. Idan aka ƙara `--output-format=github` a na farkon, gargaɗin yakan fito daidai kan layin da ke da matsala, mai gyara ba sai ya tona dogon rahoto ba.

Babban abin da ya sauya shi ne yadda muke duba aikin juna. Ba wanda ke rubuta wa ɗan'uwansa cewa layinsa ya zarce haruffa 88, ko ya bar abin da ya shigo da shi bai yi amfani da shi ba. Dokar Ruff ta F401 ta riga ta kama wannan na biyun. Sabon shiga ba ya jin an raina shi, domin na'ura ba ta san babba ba, ba ta san ƙarami ba. Lokacin da muke ɓatawa a kan waƙafi ya koma kan tambayar da ta dace: shin wannan gyaran yana yin abin da aka ce zai yi? Dokar da na fi so ita ce B006, mai hana a sa jeri (list) a matsayin ƙimar asali ta abin da ake miƙa wa aiki (function). Irin wannan kuskuren kamar gara yake, sai ya ci ciki kafin a gani a waje.

Akwai inda ya kamata a yi hattara. A ƙulle sigar Ruff guda ɗaya, a CI (wato binciken da ke gudana a GitHub Actions) da kuma a kwamfutar kowa, ta hanyar pre-commit, manhajar da ke duba gyara kafin a ajiye shi. Sabuwar siga takan zo da sabon salo, kamar 0.9 da ta fito a Janairun 2025, kuma idan sigogi suka bambanta, fayil ɗin da ya wuce a wajenka zai faɗi a can. Ranar da za a daidaita tsohon kod gaba ɗaya kuwa, a yi shi a turi guda da babu wani gyara a ciki, a rubuta lambar turin a fayil ɗin `.git-blame-ignore-revs`, don kada tarihin kowane layi ya koma sunan mutum ɗaya.

Ban goyi bayan a kunna dukkan dokokinsa lokaci guda ba. Suna da ɗaruruwa, wasu ma suna cin karo da juna, kuma gargaɗi idan ya yi yawa mutane sukan fara watsa `# noqa`, alamar da ke rufe gargaɗi a kan layi, ko'ina. Mun fara da rukunin dokokin da lambarsu ke farawa da E, F, I da B, muka haɗa da RUF100 mai tona `noqa` ɗin da ba ya rufe komai.

Ruff ba ya binciken nau'in bayanai, don haka mypy, mai yin wannan binciken, yana nan a matakinsa na daban. Duk mai aikin Python da wasu ke sa hannu a ciki, ina ba shi shawarar ya gwada, ya fara da rukuni huɗun nan.