Aika Faks ta Layin Wayar Intanet: G.711, T.38, ko Ta Imel?

Assalamu alaikum, Alhaji. Na ga tambayar da ka kawo zauren nan, cewa kamfanin da kake sayen kayan gyaran injina a wurinsa a Japan ba ya karɓar oda sai ta faks, da sa hannu da hatimi, kai kuma ka jona tsohuwar na'urarka da layin wayar intanet a ofishinka na Kano, magana tana tafiya sumul amma takarda sai ta tsinke a tsakiya. Kana son sanin ko za ka gyara wannan layin ne ko ka nemi wata hanya. Hanyoyi uku ne a gabanka, kuma kafin a auna su dole a san inda gizo yake saƙar.

An tsara faks ne domin layin waya irin na zamanin NITEL, wanda idan kira ya shiga hanya take buɗewa ta zauna a buɗe har a ajiye kan waya. Na'urar tana karanta takarda layi bayan layi, ɗigo 1,728 a kowane layi na faɗin A4, ta mayar da su sauti, ta can kuma ta mayar da sautin ya koma rubutu. Wannan ƙarar da kake ji a farkon kira gaisawa ce tsakanin na'urorin biyu, inda suke daidaitawa a kan saurin da za su yi aiki da shi. Wayar intanet kuwa daddatsa sauti take yi zuwa ƙananan ƙunshe-ƙunshe, galibi hamsin a kowace daƙiƙa, kowanne ya kama hanyarsa. Idan ɗaya ya ɓata ko ya makara alhali mutane ne suke hira, kunne ba ya ma lura, domin na'ura tana cike gurbin da sauti mai kama da wanda ya gabata. Faks ba ta da wannan haƙurin. A saurin ɗigon bayani (bit) 14,400 a daƙiƙa, ƙunshi ɗaya kacal yana ɗauke da ɗigon bayani 288, kuma ɓacewarsa kan sa na'urorin biyu su rasa takun juna, sai dai ka ga takarda ta fito da baƙaƙen zane a gicciye, ko kiran ya yanke gaba ɗaya.

Hanya ta farko ita ce wadda nake zaton kana kai yanzu: a bar sautin faks ya wuce tamkar muryar mutum. Wannan ba ya yiwuwa sai da tsarin G.711, wanda ke ɗaukar sauti a ɗigon bayani 64,000 a daƙiƙa ba tare da ya matse shi ba. Kamfanoni da dama suna ɗora layi a kan G.729 domin tsimin data, shi kuwa yana matse sauti zuwa 8,000, kuma an gina shi ne a kan yadda muryar ɗan Adam take, saboda haka yana lalata sautin faks tun kafin ya bar ofis. Ko da an koma G.711, sai an kashe abin da ke yanke aikawa idan layi ya yi shiru, sannan a samu intanet mai natsuwa. A nan ne nake jin tsoron hanyar a wurinmu. Yawancinmu da layin wayar hannu muke samun intanet a ofis, kuma sabis ɗin da ya ishe ka kallon bidiyo ba lallai ya ishi faks ba, domin bidiyo yana tara abin da zai nuna a gaba, faks kuwa nan take take buƙatar kowane ɗigo a kan lokacinsa. Na taɓa tsayawa a kan wata na'ura a ofishin da na yi aiki, takarda mai shafi huɗu, sau uku tana kai shafi na uku tana mutuwa, ba don komai ba sai don wani abokin aiki ya fara tura hotuna a daidai lokacin. Wanda yake da wayar faiba har cikin ofis zai iya cin moriyar wannan hanya a kan shafi ɗaya ko biyu, amma ban ba ka shawarar ka dogara da ita ba.

Hanya ta biyu ita ce T.38, ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar a 1998 musamman domin wannan matsala. Hikimarta ita ce ba a tura sautin ta intanet ko kaɗan. Ƙaramin akwatin da ke haɗa na'urarka da intanet, wanda ake kira ATA, shi ne yake sauraron sautin a nan ofis, ya zare ainihin bayanin da ke ciki ya tura shi, a can ɗaya ɓangaren kuma wata na'ura ta sake mayar da shi sauti. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne kowane ƙunshi yana iya tafiya da kwafin wanda ya gabace shi, ta yadda idan ɗaya ya salwanta a hanya za a tsinci abin da ke cikinsa a wanda ya biyo. Data ɗin da yake ci ma bai kai na G.711 ba. Akwatuna irin su Grandstream HT801 da Cisco SPA112 suna da shi, sai dai akwatinka shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: kiran yana farawa ne a matsayin murya, sai an ji sautin faks sannan ɓangarorin su sauya zuwa T.38, kuma idan kamfanin da ya ba ka layi bai yarda da sauyin ba, komai ya tsaya. Ka tambaye su kai tsaye ko suna ɗaukar T.38 har zuwa kiran ƙasashen waje, kada ka gamsu da amsar "faks yana aiki".

Idan ka bi wannan hanya, ka shiga saitin na'urarka ka sauke saurinta zuwa 9,600, ka kashe abin da ake rubutawa Super G3 ko V.34, wato saurin 33,600, wanda ba kasafai yake jure layin intanet ba. Za ka ji masu gyara suna cewa a kashe ECM, tsarin da ke sa na'urar can ta nemi a maimaita mata sashen da ya zo da kuskure. Gaskiya ne kashe shi kan sa takarda ta kammala fita, amma ni ban goyi baya ba a irin harkarka. Takardar oda lambobi ce zalla, kuma gara kira ya yanke ka san bai je ba, da a ce takarda ta isa lambar wani ƙarfe ta dusashe, a ɗoro maka abin da ba shi ka nema ba tun daga Japan.

Hanya ta uku ba ta buƙatar na'urar ma. Akwai kamfanonin da za ka tura musu takardarka ta imel ko ta manhajarsu, su kuma su buga lambar faks ɗin daga nasu layin mai ƙarfi, amsar da aka aiko maka ita ma ta shigo imel ɗinka a matsayin PDF. Raunin sabis ba ya cutar da ita, domin imel yana iya jira ya sake gwadawa, kuma ko an ɗauke wuta cikin dare saƙo ba zai wuce ka ba. Wannan na da muhimmanci, ganin Japan tana gabanmu da awa 8, safiyarsu tsakar darenmu ce. Nakasunta shi ne kuɗin wata-wata da yawanci da dala ake biya, da kuma cewa takardarka za ta ratsa hannun wasu, don haka sai ka duba tsawon lokacin da suke ajiye ta. Wasu ƙasashe kuma ba sa ba da lambar faks ta cikin gida, wadda za a riƙa aiko maka amsa ta kanta, sai ga mai adireshi a can.

A yanayinka, Alhaji, wannan ta ukun na zaɓa maka, T.38 ta biyo baya idan lallai kana son takarda ta riƙa fita daga na'urarka. Sa hannu da hatimi ba su hana ba: ka sa su a takarda, ka ɗauki hotonta da kyau baƙi da fari, ba mai launi ba, ka tura, su can faks ce za ta fito musu kamar kullum. Kowacce ka ɗauka, ka fara gwada ta da takarda mai shafi biyar a lokacin da ofis ya fi cika, ka roƙi mutanen can su duba ko ƙananan lambobi sun fito sarai. Idan kuma na'urarka mai takardar naɗi ce, ka riƙa yin hoton shaidar isar saƙo a ranar, domin rubutun irin wannan takarda yana gogewa da zafi, zafin Kano kuwa ka san shi.