plperl ko plperlu: wanne za a buɗe wa ma'aikata a PostgreSQL?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya: yana so ma'aikatansa su riƙa rubuta fankishin da harshen Perl a cikin PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, to plperl zai girka ko plperlu, kuma me ake nufi da amintaccen harshe?

Malam, amintaccen harshe shi ne wanda aka yi wa dabaibayi, ko mugu ne ya yi rubutu da shi ba zai wuce izinin da yake da shi a rumbun bayanai ba. Ba buɗe fayil a saba (kwamfutar da rumbun ke kai), ba kunna wata manhaja. Duba lanpltrusted a teburin pg_language za ka ga matsayin kowane harshe.

plperl amintacce ne, an toshe masa open da system da ɗauko kayan waje. Duk mai izinin USAGE zai iya rubutu da shi, kuma tun farko PUBLIC, wato duk masu amfani da rumbun, na da wannan izini. Daga siga ta 13, mai izinin CREATE a kan rumbun ma zai iya girka shi.

plperlu kuwa Perl ne cikakke, yana aiki da ikon asusun da ke gudanar da sabar, ke nan har pg_hba.conf, fayil ɗin da ke fayyace wa zai shiga rumbun, zai iya gyarawa. Babban mai iko (superuser) kaɗai ke rubuta fankishin da shi. Amma da zarar an rubuta, kowa na iya kiransa, sai ka janye EXECUTE daga PUBLIC. Nan ake yawan yin sakaci.

Shi ma dabaibayin plperl yana tsinkewa. A 2010 aka gano ana tsallake Safe, shingen Perl da yake dogaro da shi, aka koma toshe umarni ta hanyar Opcode, wani kayan aikin Perl. A Nuwamba 2024 aka sake liƙe wata kafa, inda mai ƙaramin izini ke iya sauya PATH, jerin wuraren da ake neman manhajoji, har ya kunna abin da ya ga dama. Gyaran ya zo a sigogin PostgreSQL 17.1 da 16.5. Kuma amincin bai hana fankishin cinye ƙwaƙwalwar sabar ba. Python ko, ba shi da amintaccen nau'i, sai plpython3u.

In PL/pgSQL, harshen da ke zuwa tare da PostgreSQL, zai isa, tsaya a kansa. In Perl ya zama dole, girka plperl, ka yi REVOKE USAGE ON LANGUAGE plperl FROM PUBLIC, ka mayar da izinin ga rukunin masu rubutu kaɗai. Fankishin ɗin da aka sa wa SECURITY DEFINER kuma, wato mai aiki da izinin mai shi, kafa masa search_path, jerin wuraren neman tebura, pg_temp na teburan wucin gadi ya zo a ƙarshe, don kada wani ya dasa tebur mai suna iri ɗaya ya karkatar da shi.