Nasi goreng ko rendang: wanne za a fara ci a gidan abincin Indunusiya?

Wata Hajiya ta tambaya cewa kusa da masaukinsu a Makka akwai gidan abincin 'yan Indunusiya, tana so ta gwada, amma ta rasa wanda za ta zaɓa tsakanin nasi goreng da rendang. Hajiya, ga bambancinsu.

Nasi goreng soyayyiyar shinkafa ce. Da dafaffiyar shinkafar da ta kwana ta huce ake yin ta, a soya a kasko mai zafi sosai da albasa, tafarnuwa, barkono, da terasi, wato niƙaƙƙen jatan lande da aka bari ya yi tsami. Abin da ke ba ta launin ƙasa-ƙasa shi ne kecap manis, ruwan waken suya mai kauri da aka haɗa da sukarin kwakwa ko na wata bishiya danginta. Sai a ɗora soyayyen ƙwai da kokwamba. Cikin minti goma an gama. Idan ta zo miki a caɓe, da sabuwar shinkafa mai ɗumi aka soya ta. Ki kuma sa ran ɗan zaƙi, wanda bakin Bahaushe bai saba ji a shinkafa ba.

Rendang kuwa sai an yi haƙuri. Girkin Minangkabau ne na Sumatra ta Yamma, shi ya sa ake samun sa a gidajen abincin da ke ɗauke da sunan birnin Padang. Naman shanu ake dafawa a madarar kwakwa, kilo ɗaya da madarar kwakwa guda uku zuwa huɗu, tare da citta, kurkur, tafarnuwa, barkono, ganyen lemun tsami da wata saiwa dangin citta, a kan ƙaramar wuta na awa huɗu ko fiye, ana juyawa don kada ya kama. Ruwan yana ƙafewa, man kwakwar ya fito ya soya naman har ya yi duhu. A nan ake gane gidan abinci na kirki: idan an kawo miki nama yana iyo a miya mai haske, kalio ne, an sauke shi kafin ya kai. Ba laifi, amma ɗanɗanon bai zauna ba. Na ainihi busasshe ne, baƙi-baƙi, yana ɓarewa da yatsa. Da farar shinkafa ake ci, da dafaffen ganyen rogo, da sambal, wato dakakken yaji, na koren barkono. Wannan sambal ɗin ki fara da kaɗan.

A wasu gidajen Padang sukan jera ƙananan faranti da yawa a gabanki, wanda kika taɓa kaɗai za ki biya. Ki tambaya kafin ki ɗiba, don akwai soyayyen huhu da ƙwaƙwalwa a ciki. Ƙaramin kwanon ruwa mai yankan lemun tsami na wanke hannu ne, ba na sha ba.

A Makka babu damuwar halal. A wasu ƙasashe kuwa, musamman gidajen abincin Bali, duk inda aka rubuta babi, naman alade ne. Wanda jikinsa ba ya son jatan lande ya guji nasi goreng sai an tabbatar masa babu terasi.

Shawararmu, ki fara da rendang. Soyayyiyar shinkafa kin san irinta a gida, amma naman da aka ƙafar da madarar kwakwa a kansa ba mu da shi. Idan akwai yara ko mai ciwon gyambon ciki a tare da ke, a yi musu nasi goreng, a ce kada a sa barkono.